Jirgin Ikko zuwa Kano da Ƙasar Kura

A shekarar 1911 ne hanyar dogo ta iso Kano daga Baro, daga baya kuma aka haɗe ta da ta Ikko a Minna. Matafiyi kan taso daga Ikko, ya biyo ta Ibadan da Ilori da Jabba, inda har zuwa 1916 sai an yi fiton taragu a Kogin Kwara, sa'an nan ya wuce Kaduna da Zariya. Kafin ya shiga Kano, jirgin kan tsaya a Madobi, yamma da Kura.

Sai dai kash, sa'ad da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, noman rani ya kankama a Kura da Bunkure, harkar jirgin ƙasa ta riga ta fara sukurkucewa. Saboda haka tumatirin Kadawa da fatakensa da manyan motoci suka san hanyar Ikko.