Hasashen Wa'adin Zagwanyewar Ƙwayoyin Zarra Masu Nauyi

Cibiyar ƙwayar zarra mai nauyi, irin ta yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit ta Nijar, ba ta dawwama. Takan tofar da wani ɗan ɓarɓashi da ake kira alfa, ta rikiɗe ta zama wani sinadarin, a yi ta tafiya haka har a tuƙe a kan dalma. Ba wanda ya isa ya faɗi ranar da ƙwaya guda za ta zagwanye. Abin da ake aunawa shi ne wa'adin da rabin tarin ƙwayoyin ke ɗauka kafin ya rikiɗe: na yuraniyom-238 shekara biliyan 4.5 ne, na foloniyom-212 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba.

A 1911, a Manchester ta Ingila, Hans Geiger da John Nuttall suka lura cewa gwargwadon ƙarfin da alfa ya fito da shi, gwargwadon gajartar wa'adin. Awo ne ya nuna haka, dalilinsa bai bayyana ba sai a 1928, sa'ad da George Gamow, da kuma Gurney da Condon a nasu ɓangaren, suka warware matsalar. Alfa na tsare ne a bayan ganuwar da ba shi da ƙarfin haurawa, amma ƙa'idojin kwantum sun ba shi 'yar damar ratsa ta. Damar nan ƙarfi ke juya ta matuƙa: ƙarfin alfan foloniyom-212 ya ninka na yuraniyom sau biyu ne kawai, amma ratar wa'adinsu lamba ce mai sifili fiye da 20. Nan wahalar fannin take, domin kuskure kaɗan wajen ƙiyasta ƙarfin yakan kai lissafi daji. Shi ya sa hasashen da ya kuskure da ninki biyu ko uku har yau abin yabo ne a wajen masana.

Viola da Seaborg sun gyara ƙa'idar Geiger da Nuttall a 1966 don sinadarai mafiya nauyi, kuma masu ƙera sababbi a Dubna ta Rasha, inda aka samo sinadari mai lamba 118, suna dogara da irin wannan lissafi don gane abin da suka ƙera. Babbar shaida ta zo a 2003 daga Faransa, inda aka ga bismut-209, da aka daɗe ana ɗauka dawwamamme, yana zagwanyewa kamar yadda lissafi ya nuna tuntuni.

A Zariya, Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, mai tukunyar nukiliya tun 2004, da sanin wa'adin sinadarai take tantance abin da ke cikin ƙasa da duwatsun da ake kai mata.