Daga Filinge Zuwa Harobanda: Tarihin Karatun Jami'a a Yamai

Kafin 1971, ɗan Kurfai, wato ƙasar Filinge, da ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare ba shi da jami'ar da zai shiga a Nijar. Sai dai ya nufi Dakar, Abijan ko Faransa, iyaye kuma su yi haƙurin rashin ganinsa. A waccan shekara, zamanin Shugaba Diori Hamani, aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. Tafiyar da ake yi a jirgi ta koma ta mota, kusan kilomita 180 daga Filinge.

Jami'ar ta zauna a Harobanda, hayin kogin Kwara, gadar Kennedy ce ke haɗa ta da cikin gari. Baƙon ɗalibi kan sauka wajen 'yan garinsu da suka riga shi zuwa. Su za su nuna masa inda ake rajista, su raba katifa da shi, su ranta masa kuɗi kafin bursu, wato kuɗin tallafin karatu, ta fito. Ɗakunan kwana ba su isa ba, bursu na yawan jinkiri, don haka ƙungiyar ɗalibai ta USN ta yi ƙarfi ƙwarai.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990, ɗalibai suka taso za su tsallaka gadar don nuna ƙin tsuke bakin aljihun da ya taɓa ilimi. Jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai 3 suka rasu. Fushin da ya biyo baya na cikin abin da ya tilasta wa gwamnatin Ali Saibou kiran Babban Taron Ƙasa na 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunan Abdou Moumouni, masanin makamashin rana haifaffen Tasawa, wanda ya taɓa shugabantarta.

Kurfai ma tana da abin da take ba jami'a. Tashar kiwo ta Tukunus, arewa da Filinge, ta daɗe tana inganta shanun Azawak, kuma ɗaliban tsangayar noma na zuwa can su auna madara, su bi haihuwar shanu, su rubuta kundinsu na kammala karatu.

Yau karatun ya rabu gida uku: lisans shekara 3, masta 2, dakta 3. Tun 2014 kuma jihar Tillaberi, inda Filinge take, ta samu jami'arta, mai ɗauke da sunan Boubakar Bâ.