Ruwan Shuka da Littattafan Yara a Iyakar Illela

A Turai ƙasa kan farfaɗo ne a watannin Maris da Afrilu, ƙanƙara ta narke, itatuwa su yi toho, kuma marubutan can sun daɗe suna cika littattafan yara da wannan yanayi. A Garu, ƙasar Illela, daf da iyakar Nijar, waɗannan watanni su ne tsakiyar bazara: rana na ƙuna, rijiyoyi sun ja baya, dabbobi sun rame. Nan ƙasa ba ta motsawa sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, ranar da hadari ya haɗo daga gabas aka sami ruwan shuka.

Tun kafin boko ya iso, yaran yankin sun san alamomin. Shamuwa ta dawo ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari. Kwaɗin da suka shafe rani a binne su ɓarke da kuka dare ɗaya, shinge ya tashi yara su bi shi da kwanoni, tafasa da lalo su rufe bayan gida. Gawo kuwa nasa daban ne: lokacin da kowane icce ke fitar da ganye shi yake zubar da nasa, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa, manomi kuma ba ya son a sare shi. A gona ake koyon wannan, yaro na bin babansa yana zuba iri yana rufewa da diddige, da dare kuma kaka ta ɗora da tatsuniya.

Ƙasar Sakkwato na da hannu a farkon shigar tatsuniya cikin ɗab'i. Burdon, Razdan na Sakkwato, ya tara rubuce-rubucen ajami daga malamai, ya miƙa wa Frank Edgar, wanda ya ƙara da nasa ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, a Belfast tsakanin 1911 da 1913. Sai dai don Turawa masu koyon Hausa aka yi shi, ba don yara ba.

Littattafan 'yan makaranta daga Zariya suka fito. Hukumar Fassara, wadda aka kafa a 1929, ta zama Hukumar Talifi a hannun Rupert East, ita ce ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja. Magana Jari Ce ya biyo baya daga 1937, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya. Amma aikin da ya fi kusa da zancenmu shi ne Ikon Allah, wanda East da Abubakar Imam suka rubuta tare kan halittu iri-iri na duniya. Sunan kansa dabara ce mai kyau. Iyayen da ke ɗari-ɗari da boko sun ga ana koya wa ɗansu sha'anin tsiro da dabba a matsayin aikin Mahalicci, kamar yadda malamin allo zai faɗa. Littafi ne da ya cancanci a sake buga shi da hotuna masu launi.

A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni, juzu'i shida. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa, amma Turanci ya ci gaba da rinjaye, yaron iyaka ya fi karanta yanayin wasu ƙasashe fiye da na gonar gidansu.

Gurbin littattafan yara kan damina yana nan, kuma abin damuwa ne, domin yaran da ke tashi cikin gari ba sa samun darasin gona irin na dā. Masu karatu kuwa akwai su a ɓangarorin iyakar biyu. Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, an kuma zauna a Yamai a 1980 don daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa. Bambancin da ya rage kaɗan ne, kamar harafin ƴ da Nijar ke rubutawa inda Nijeriya ke sa 'y. Littafin damina da aka buga a Sakkwato, ɗan Birnin Ƙonni a Nijar zai karanta shi ba tare da tafinta ba.