Shekarun Wata Guntuwar Takarda

A ɗakin karatu na John Rylands da ke Manchesta, a Ingila, akwai wata guntuwar takardar fafirus da ba ta kai tafin hannu ba. An sayo ta a Masar a 1920, ta kwanta cikin tarin takardu har 1935, lokacin da Colin Roberts ya bayyana cewa kalmomin Girkancin da ke jikinta daga babi na 18 na Linjilar Yohanna suke, wurin da Yesu yake tsaye gaban Bilatus. Masana suna kiranta P52.

Roberts ya ƙiyasta cewa an rubuta ta a rabin farko na ƙarni na biyu. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin tun ƙarni na 19 Ferdinand Baur na Jamus ya yi iƙirarin cewa sai bayan tsakiyar ƙarni na biyu aka wallafa wannan Linjila. Kwafi ba ya riga asalinsa zuwa duniya, don haka aka ɗauka guntuwar ta rufe bakin Baur.

To amma daga ina shekarun suka fito? Takardar ba ta ɗauke da kwanan wata, ba sunan magatakarda, balle wani abu mai kama da isnadi. Salon rubutun kawai aka duba, aka gwada shi da na wasu takardu. Duk wanda ya san alarammomi ya san raunin wannan awo: mutum yakan riƙe hannun da ya koya yana matashi har tsufansa, ya kuma koyar da shi ga almajiransa. A 2005 Brent Nongbri ya nuna cewa ana samun irin wannan hannu har zuwa ƙarshen ƙarni na biyu da farkon na uku. Takardar tana nan yadda take. Tabbacin da aka ɗora mata ne ya yi rauni.

Ernst Troeltsch ya riga ya faɗi dalilin a 1898: hukuncin masanin tarihi rinjayen zato ne, mai ƙarfi ko mai rauni, kuma ana iya sake duba shi kullum. Wannan ƙa'ida tana yi wa kowane ɓangare ɗaci. Mai kare Linjila ba zai iya kafa tabbaci a kan P52 ba, mai sukarta kuma ba zai ce Nongbri ya farfaɗo da Baur ba, tunda jinkirin kwafi ba hujja ba ce ta jinkirin asali.

Abin da guntuwar take tabbatarwa kaɗan ne, amma ƙwaƙƙwara. Rubutun da ke gaba da bayanta, mai ci gaba da labari guda, ya nuna shafin littafi ce, ba naɗaɗɗiyar takarda ba. Wane ne ya wallafa Linjilar, da ko hirar Yesu da Bilatus ta gudana haka, tambayoyi ne da ke buƙatar wasu shaidu dabam.