Gidan El-Kanemi: suna ɗaya, gadon sarauta uku

Duk wanda ya saba kora shanu ko fatauci tsakanin Maiduguri, Bama da Dikwa ya san sarakunan garuruwan nan uku duk Shehu ake ce musu, kuma duk sunansu na ƙarewa da El-Kanemi. To, ina aka samo wannan suna?

Ma'anarsa dai mutumin Kanem, ƙasar nan ta arewa maso gabashin Tafkin Chadi, wadda yau take cikin Chadi. Kakan gidan shi ne Shehu Muhammadu al-Amin, wanda aka fi sani da Shehu Laminu. An haife shi a Murzuk ta ƙasar Fezzan, cikin Libiya ta yanzu. Malami ne, ba ɗan sarauta ba. Da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Gazargamu a 1808, sai Mai na Borno ya nemi taimakonsa. Ya tara Kanembu da Larabawan Shuwa, ya kwato ƙasar. A 1814 ya kafa Kukawa. Bai taɓa kiran kansa Mai ba, ya tsaya kan sunan malanta, wato Shehu. Bayan rasuwarsa a 1837 ɗansa Umar ya gaje shi, a 1846 kuma ya kawo ƙarshen sarautar Sefawa. Haka laƙabin malami ya koma sarautar gado, har Damagaram na kai wa gidan gaisuwa.

Rabe ya ƙone Kukawa a 1893, ya zauna Dikwa, har Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Daga nan Turawa suka yanka ƙasar Borno kamar nama. Dikwa ta faɗa hannun Jamus. A 1902 Ingilishi suka ɗauko Shehu Abubakar Garbai zuwa nasu ɓangaren, daga baya ya zauna Yerwa, Jamusawa kuma suka riƙe wani ɗan gidan a Dikwa. Kun ga gida ɗaya ya sami gado biyu, don kawai an ja layi a takarda.

Amma layin bai raba jini ba. A 1937 Shehun Dikwa Sanda Kyarimi aka ɗauko ya zama Shehun Borno. A 1942 fadar Dikwa ta koma Bama. A ƙuri'ar 1961 mutanen yankin suka zaɓi Nijeriya maimakon Kamaru. A 2010 aka raba masarautar biyu, Bama da Dikwa, gado ya zama uku.

Ɗan'uwa makiyayi, ɗan'uwa falke, in aka tare ka a Gamboru ko Banki aka ce kai baƙo ne, ka tuna wannan iyakar ba ta daɗe da wuce shekara ɗari ba. Sunan sarakunan ma daga tsallaken tafki ya zo. Ka riƙe takardunka, ka bi doka, amma kada ka yarda a raba ka da maƙwabcinka. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.