Tarihin Koyon Busa Sarewa a Ƙasar Hausa

Sarewa na cikin tsofaffin kayan busa a ƙasar Hausa, kuma makarantarta ta farko ita ce makiyaya. Algaita da kakaki sana'o'in fada ne, ana gadonsu daga uba zuwa ɗa, a ƙarƙashin sarkin busa. Ita kuwa sarewa a wajen kiwo aka fi koyonta, musamman tsakanin samarin Fulani, sai kuma yaran manoma bayan kaka, lokacin da kara ya wadata.

Darasin farko shi ne yin sarewar da hannu. Yaro zai samo kara ko gora mai rami, ya gyara bakinta, ya ƙona ƙarfe a wuta ya huda ramukan yatsu, galibi huɗu. Daga nan sai wahalar gaske. Sarewa ba ta da beli kamar algaita, don haka dole mai koyo ya karkata ta a gefen leɓe har iska ta bugi bakinta daidai. Yakan daɗe yana hura iska ba amo, har jiri ya ɗebe shi, kuma a nan ne da yawa suke watsar da ita. Wanda ya daure sai ya zauna kusa da gwani, ido a kan yatsu, kunne a kan take. Ba a rubuta komai, ba a kuma yawan bayani. Ƙwararru kan haɗa busa da gunjin maƙogwaro, wannan kuwa sai an daɗe ake iya shi.

A ƙarni na 20 sarewa ta shigo birni, aka fara yin ta da bututun ƙarfe da na roba, gidajen rediyo suka riƙa ɗaukar mabusa. A 1971 David Ames da Anthony King suka sa ta cikin ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa. A Nijar, Yakuba Mumuni, wanda ya kafa ƙungiyar kiɗa ta Mamar Kassey a 1995, ya yi shekaru yana koyon sarewa a hannun mabushi Haruna Marunfa a Yamai, ta wannan tsohuwar hanya ta saurare da kwaikwayo.

Abin takaici, yawancin amon sarewa da ake ji a waƙoƙin fina-finan Hausa daga fiyano yake fitowa. Mai son koyon ta gaske har yanzu sai ya nemi mabushi ya zauna da shi.