ZARE: Wa ke da jirgin da ka ɗauka haya? Tarihin garejojin jiragen ruwa na Norfolk Broads

1/ Jama'a, yau tarihi zai kai mu gabashin Ingila, wani yanki da ake kira Norfolk Broads. A can mutum zai je garejin jiragen ruwa ya biya kuɗi, a damƙa masa jirgi mai gadaje da kicin da banɗaki, ya tuƙa abinsa mako guda shi da iyalinsa. Ko lasisi ba a tambayarsa. Ku biyo ni 🧵

2/ Tambayar da nake bi a zaren nan ita ce: idan ka je haya aka ce maka "ai garejin ya canja hannu", me ya canja? Sunan da ke jikin allo galibi yana nan yadda yake. Garejojin yankin sun sha sayarwa, kuma tarihinsu ya nuna inda ya kamata mai haya ya sa ido.

3/ Mu fara da wurin. Koguna 7 ne da tafkuna sama da 60 a jihohin Norfolk da Suffolk, hanyar ruwan da jirgi ke iya bi ta kai kusan kilomita 200. Ruwan ba zurfi sosai, kuma ba ƙofofin ruwa da za ka tsaya buɗewa da rufewa. Shi ya sa ya yi wa sabon shiga daɗi.

4/ Shekara da shekaru kowa ya ɗauka tafkunan haka Allah ya halicce su. Sai a 1952 wata masaniyar tsirrai, Joyce Lambert, ta bayyana abin da ta gano bayan ta yi ta huda ƙasan wurin: gefunan tafkunan a miƙe suke kamar bango, ƙasansu kuma a shafe. Aikin hannun mutum ne.

5/ Ashe daga wajen ƙarni na 12 zuwa na 14 mutanen yankin sun yi ta haƙo wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun ciyayi, su busar su yi makamashi da ita, har a kai birnin Norwich a sayar. Da ruwa ya ƙaru sai ya cike ramukan. A taƙaice dai kududdufai ne, irin namu da ake bari bayan an ɗebi ƙasar gini, sai dai nasu manya ne 😅

6/ Kafin 'yan hutu, kogunan hanyar fatauci ce. Akwai jiragen dako da ake kira wherry, masu ƙaton baƙin ƙyallen iska guda ɗaya, suna jigilar kwal da hatsi da katako tsakanin Norwich da tashar Great Yarmouth. Ɗaya daga cikinsu, Albion, da aka ƙera a 1898, tana kan ruwa har yau.

7/ Sai jirgin ƙasa ya iso. A 1874 layin dogo ya kai Wroxham. Ya ƙwace wa jiragen dako kaya, amma ya kawo wani sabon kaya: mutanen birni masu kuɗi da ke neman iska. Wasu masu wherry suka share cikin jirgi, suka sa gadaje, suka koma ɗaukar baƙi da rani.

8/ Nan John Loynes ya shigo labarin. Kafinta ne a Norwich, ya ƙera wa kansa ƙaramin jirgi, yana tura shi a kan kura zuwa bakin ruwa. Abokai suka dame shi da aro, sai ya fara karɓar kuɗi. A 1878 ya fara bayar da haya, a 1888 ya koma Wroxham. Shi ake kira uban wannan sana'a.

9/ Ku lura da wani abu a zamanin. Idan ka ɗauki babban jirgi, tare da matuƙi ake ba ka, sau da yawa har da yaron da zai yi girki. Wato sanin ruwa yana cikin jirgin tare da kai, a jikin mutum. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

10/ Sai dillali. Harry Blake ɗan Landan ne da ya zo hutu, ya ga masu garejin sun iya ƙira amma ba su iya neman kwastoma ba. Ya ce su bar masa wannan. A 1908 ya fitar da kundin talla na farko mai jirage 43 daga garejoji daban-daban. Kana zaune a Landan ka zaɓi jirgi a takarda.

11/ Daga ranar aka samu rata tsakanin sunan da ka biya wa kuɗi da hannun da ya gyara jirgin. Kai Blakes ka sani. Wanda ya toshe ɓarakar jirgin da hunturu kuwa wani dattijo ne a wani ƙauye da ba ka taɓa jin sunansa ba.

12/ A shekarun 1920 da 1930 jirage masu inji suka yawaita, kuma aka fara sakar wa baƙo sitiyari. Herbert Woods ya kafa nasa kamfanin a Potter Heigham a 1926, ya haƙa babbar matsayar jirage a can. Jiragensa masu inji ya riƙa sa musu sunayen da ke ƙarewa da kalmar Light.

13/ Matuƙin da ke cikin jirgi ya sauka kenan. Duk abin da ya sani, yanzu sai dai a faɗa wa baƙo a bakin gareji kafin ya tashi. Tun a 1934 marubuci Arthur Ransome, a littafinsa na yara Coot Club, ya zana 'yan haya masu gudu da hayaniya a matsayin miyagun labarin. Kun ga ƙorafin ya tsufa.

14/ Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da komai. Aka hana yawon hutu, aka jera jiragen haya a tsakiyar tafkuna don kada jiragen saman Jamus masu sauka a ruwa su samu fili. Garejoji irin na Woods suka koma ƙera wa sojan ruwa da na sama jirage. Kafin a gama yaƙi jiragen katako da yawa sun ruɓe a inda aka ɗaure su.

15/ A 1944 sunaye biyu suka fito daga Oulton Broad. Wally Hoseason, mai kula da matsayar jiragen garin, ya fara dillancin haya, ɗansa James ya gaje shi a 1950 ya mai da Hoseasons babban kishiyar Blakes. Shi kuma Robert Richardson ya fara nasa garejin, wanda daga baya ya koma Stalham.

16/ Shekarun 1960 da 1970 su ne lokacin cin kasuwa. Ma'aikata sun samu hutu mai albashi, motoci sun yawaita, an fara zuba jikin jirgi da fayiba maimakon katako, abin da ya sauƙaƙa ƙira da gyara. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 jiragen haya masu inji sun haura 2,000.

17/ To, inda kuɗi yake manya ba sa nisa. Herbert Woods ya rasu a 1954, kuma a shekarun 1970 garejinsa yana hannun Ladbrokes, kamfanin caca. A 1974 Rank, kamfanin fina-finai da wuraren nishaɗi, ya sayi Richardsons. Mai haya ya zo ya tarar da allon da ya sani, amma masu yanke shawara suna wani ofis mai nisa.

18/ Bayan shekara goma, a 1984, iyalin Richardson suka sake sayen garejinsu daga hannun Rank. Ladbrokes ma ya tattara ya fita. A lokacin jirgin sama ya yi araha, Bature na iya zuwa Sifen ya sha rana da kuɗin da zai kashe a Norfolk yana fama da ruwan sama. Yau jiragen hayan ba su kai rabin na wancan lokacin ba.

19/ Me ya sa sana'ar ke wahalar da mai neman riba da sauri? Kuɗi na shigowa ne daga wajen Ista zuwa ƙarshen Oktoba. Sauran watannin kashewa ake yi: a ciro jirgi daga ruwa, a kankare, a yi fenti, a kwance inji, a duba bututun gas da batir da na'urar ɗumama ɗaki.

20/ Aikin hunturun nan shi ne abin da baƙo ba ya gani. Sabon mai gareji da ya ci bashi ya saya, nan ne wurin da ya fi masa sauƙin rage kashe kuɗi. Ba wanda zai gane a watan Janairu. Sai a watan Yuli, inji ya mutu da iyali a tsakiyar kogi, ko gado ya jiƙe da yoyo.

21/ Kada ku ce duk sabon hannu sharri ne fa. Misalin da ya fi burge ni shi ne Hunter's Yard a Ludham. Percy Hunter da 'ya'yansa biyu, Cyril da Stanley, suka kafa shi a 1932, suna ƙera jiragen iska na katako da hannunsu. A lokacin ba inji, ba lantarki, fitilar kananzir ce. Iska ta ɗauke, ka tura da doguwar sanda.

22/ Percy ya rasu a 1964. A 1968 majalisar jihar Norfolk ta sayi garejin don koya wa 'yan makaranta tuƙi. Tun da ba riba take nema ba, ba ta zubar da tsofaffin jiragen ta kawo na fayiba ba, kamar yadda garejoji da yawa suka yi a lokacin. Wannan cinikin ne ya tsirar da su.

23/ A 1995 majalisar ta ce za ta sayar. Da an yi gwanjo, da jiragen sun watsu ɗaya-ɗaya. Jama'a suka tashi, jaridar yankin Eastern Daily Press ta ja gaba wajen tara kuɗi, asusun raya kayan tarihi na ƙasar ya tallafa. A 1996 gidauniyar Norfolk Heritage Fleet Trust ta karɓi garejin. Har yau ana hayar jiragen nan na shekarun 1930.

24/ Gareji ɗaya, hannu uku: iyali, hukuma, gidauniya. Abin da bai yanke ba shi ne masu gyaran katakon da koyar da na baya. A ɗaya ɓangaren, jiragen Herbert Woods har gobe suna ɗauke da Light a sunansu, sama da shekara 70 bayan rasuwarsa. Suna yana da sauƙin gado. Shi kaɗai ba zai faɗa maka wa ke cikin rumfar gyara ba.

25/ Kuma wallahi sanin ruwan nan ba abin wasa ba ne. A Potter Heigham akwai tsohuwar gadar dutse ta ƙarni na 14, bakinta ƙarami ne har dole ɗan haya ya miƙa wa ƙwararren matuƙi sitiyari ya ratsa da shi. Idan ruwa ya ɗan ƙaru, jirage da yawa ba sa wucewa sam.

26/ A Great Yarmouth kuma, inda za ka tsallaka Breydon Water daga kogunan arewa zuwa na kudu, teku na cikowa yana janyewa da ƙarfi. Sai ka daidaita lokacin da ruwan ya lafa. Ka yi kuskure, ko ka maƙale a taɓo ko igiyar ruwa ta kai ka jikin gada. Wa zai faɗa maka wannan? Ma'aikacin da ya miƙa maka makulli.

27/ A watan Agustan 2020 wata mata ta faɗo daga jirgin haya a Great Yarmouth ta rasu. Rahoton hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya da ya fito a 2022 ya taɓo yadda aka miƙa wa iyalin jirgin, cewa ba su samu cikakken bayanin sarrafa shi ba. Daga nan aka ƙara tsaurara ƙa'idojin haya.

28/ Mai sa idon ita ce Broads Authority, wadda dokar 1988 ta kafa, ta fara aiki a 1989. Ita ke bai wa masu bayar da haya lasisi, ita ke ƙayyade gudu tsakanin mil 3 zuwa 6 a awa don kada igiyar jirgi ta ci gaɓar kogi. Amma hukuma ba za ta tsaya a kowane gareji ranar Asabar ta ji abin da ake faɗa wa baƙo ba.

29/ Ga ra'ayina. Tun ranar da matuƙi ya sauka daga jirgin haya, lafiyar baƙo ta rataya a kan abu biyu: aikin da aka yi wa jirgin da hunturu, da ɗan lokacin da ake koya masa tuƙi kafin ya tashi. Duka biyun a hannun ma'aikata suke. Idan aka sayar da gareji, su ne abin tambaya.

30/ Don haka 'yan uwa da ke karatu ko aiki a Birtaniya, in kun haɗa kuɗi za ku je, ku tambaya kafin ku biya:
• Tsofaffin ma'aikatan suna nan, ko an sallame su?
• Yaushe aka ciro jirgin nan daga ruwa aka duba shi?
• Za a fita da mu kan ruwa a gwada mana, ko baki kawai za a yi mana?
• In inji ya tsaya da dare, wa zai zo?

31/ Sai batun kafin alƙalami. Idan kun biya tsohon mai gareji sannan aka sayar, ku nemi sabon ya tabbatar muku a rubuce cewa ya karɓi ajiyarku, da rana da sunan jirgin. Wani kamfanin gaba ɗaya ake saye da alkawuransa, wani kuma jirage da suna kawai ake ɗauka.

32/ Kuma ku sa rigar ceto duk lokacin da kuke kan dandamalin jirgi ko kuna ɗaure shi a gaɓa, ko da kun iya iyo. Ruwan da sanyi, kuma wajen sauka da hawa ne mutane suka fi faɗawa.

33/ Nan zan tsaya. Wanda ya taɓa zuwa Broads ya ba mu labarin yadda aka miƙa masa jirgi, minti nawa aka ɗauka ana koya masa. In zaren ya amfane ku, ku tura wa wanda ke shirin tafiya.